Daga Soket Ake Farawa: Haɗa Kwamfutar Gem da Ɗan Kuɗi a Gusau

Da la'asar sakaliya, idan rana ta yi sanyi a Gusau, gidajen gem na Tudun Wada da Sabon Gari sukan cika maƙil. Talabijin uku ko huɗu jere a bango, benci a gabansu, janareto na ruri a waje, samari biyu riƙe da fad, wasu goma a bayansu suna jiran layi, kowa ya zama koci yana gaya wa mai bugawa inda zai ba da fasin. Wanda aka ci shi zai tashi, sau da yawa kuma shi zai biya. Haka abin yake a Tsafe, haka yake a Bungudu, yawan talabijin ne kawai ya bambanta.

Cikin masu jiran layin nan ba a rasa wanda ya gaji da jira. Ya ga bidiyo a YouTube ko TikTok, wani ya baje kaya a tebur, ya ɗaura wannan a kan wancan, kafin minti goma akwatin gilashi ya kama walwali da fitilu kala-kala, aka rubuta a ƙasa cewa dala 500 kacal aka kashe. Sai yaro ya ɗauko waya ya fara buga lissafi.

Lissafin ba ya nisa yake tsinkewa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji. Gwamnatin tarayya ta saki naira a watan Yunin shekarar, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Kwamfutar dala 500 da a da za ta tashi a naira 375,000 ta koma 750,000, ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Daga waje ake shigo da duk manyan kayan da ke cikin akwatin, saboda haka inda dala ta nufa, nan farashinsu ke binta.

Akwai kuma abin da bidiyon bai nuna ba. Mai shi yana zaune ne a garin da wuta ba ta ƙiftawa, ɗakinsa da sanyi, bai san ƙurar hunturu ba, in kaya ya zo da matsala kuma mayarwa zai yi a ba shi sabo. Shi ya sa jerinsa ke farawa da katin girafik, fawa-fak kuwa, wato akwatin da ke raba wa sauran kayan wuta, sai a can ƙarshe. Wanda zai haɗa tasa a Zamfara juya jerin zai yi. Daga soket ɗin bango zai fara, ya biyo waya har ya iso kan katin.

Wane gem za a buga?

Kafin a taɓa aljihu sai mutum ya gaya wa kansa gaskiya. Mafi yawan samarin Gusau ƙwallo suke so. Tun 2023 kamfanin EA ya raba gari da hukumar FIFA, gem ɗinsa ya koma EA Sports FC, ko da yake a gidan gem har gobe FIFA ake ce masa. Mafi ƙarancin abin da kamfanin ya ce zai ɗauki FC 24 shi ne furosesa Core i5-6600K ko Ryzen 5 1600, RAM gig 8, katin girafik GTX 1050 Ti ko RX 570, da filin ajiya gig 100. Dukkansu kayan 2015 zuwa 2017 ne. GTA V ya sauka a kwamfuta tun Afrilun 2015, kusan duk katin da ke kasuwa yau zai ja shi. PES ya zama eFootball a 2021, kyauta ake sauke shi, amma rabin daɗinsa sai da intanet. Wanda kuma ke tara kuɗi don GTA VI ya sani cewa da kamfanin Rockstar ya sanar da shi, PlayStation 5 da Xbox Series kaɗai ya ambata.

In ƙwallo ce kaɗai buƙata, PS4 na hannu ya fi sauƙin kuɗi, ya fi ƙarancin ciwon kai, ba kuma abin kunya ba ne a faɗi haka. Kwamfuta tana cin kuɗinta ne idan za ta yi aiki biyu: ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau ya yi furojet da rana ya buga gem da dare, mai ɗaukar bidiyon biki ya tace aikinsa, mai zanen katin ɗaurin aure da fosta ya buɗe CorelDraw ba tare da ta tsaya tana tunani ba. Wannan ce ma hujjar da ke shiga kunnen mahaifi idan aka je neman cikon kuɗi.

Sai batun data. Sauke gig 100 ba wasa ba ne, balle bayan hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Mutanen Zamfara kuma suna da darasin da ba kowa ke da shi ba. A Satumban 2021 an toshe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni babu kira babu intanet. Wanda gem ɗinsa ke zaune a cikin na'ura ya ci gaba da bugawa, wanda nasa sai ya haɗu da saba ya zauna kallon allo. Mai ɗan kuɗi ya fi dacewa da gem ɗin da ke tafiya babu layi, da kuma ma'ajiya mai faɗi, don kada ya riƙa goge abin da ya sha wahalar saukewa. Manhajar Steam tana barin mutum ya kwafi fayilolin gem ɗin da ya saya daga kwamfutar aboki maimakon ya sake saukewa, dabarar da ke ceton data mai yawa.

Kowane wat da kuɗinsa

Zamfara na cikin jihohi huɗu da kamfanin Kaduna Electric ke raba wa wuta, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi, kuma ba a yin alkawari da wutar NEPA. A Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Fetur kuwa, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ya tashi daga farashin gwamnati na ƙasa da naira 200 har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Mai kwamfutar gem a nan, ko da sola yake ko da inji, shi ne mai samar wa kansa wuta a mafi yawan lokutan da zai zauna bugawa.

Ga yadda lissafin yake. Kwamfuta mai furosesa Ryzen 5 5600 da kati RX 6600, haɗe da monita, takan ja wajen wat 250 idan gem ya yi zafi. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200, irin wanda ake gani a gidaje da shaguna, a takarda yana riƙe da wat 2,400 na awa guda. Amma batirin ruwa ba a zuƙe shi fiye da rabi in ana son ya yi ƙarko, inbata ma tana cin nata kason. Abin da ya rage bai wuce wasan awa huɗu ba, shi ma in ba a kunna fanka da firij a kan layin ba.

A nan ne zaɓen kati ke canza kama. RX 580 mai gig 8, wanda ya fito a 2017, shi ne ya fi yawa a kasuwar kayan hannu, kuma araharsa na jan ido. Sai dai yana jan wat 185. RX 6600 na 2021 wat 132 yake ja, ga shi ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Bambancin wat 53 ɗin nan, a kan batirin da aka ambata, ya kai kusan minti 45 na wasa a kowane caji, ban da zafin da zai ƙara wa ɗaki a watan Afrilu. RTX 4060, da ya fito a 2023 kan dala 299, ya fi su duka ƙarfi kuma wat 115 ya ishe shi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin masu haɗin farko. A ƙasa akwai GTX 1650 mai wat 75 da RTX 3050 mai gig 6 da ke jan wat 70. Duk wanda ya kwatanta kati biyu bai dubi wat ɗinsu ba, rabin farashi ya gani.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko sisi. Idan monitar mai nuna hoto 60 a daƙiƙa ce, a shiga saitin gem a ƙayyade shi a 60. In ba haka ba katin zai yi ta zana hotuna 120 ko 150 da ido ba zai gani ba, batir na tafiya a banza.

Fawa-fak shi ne inda aka fi yin ganganci. Mutum ya zuba duk kuɗinsa a kati, ya zo ƙarshe saura canji, sai ya karɓi wanda ya zo kyauta cikin akwati, an rubuta masa wat 650 da manyan baƙaƙe, in ka ɗaga shi kuwa sakayau kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Araha ba ta ado. Irin wannan in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod da kati su tafi tare. Wat 550 na gaske, daga kamfani irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master ko MSI, ya ishi duk haɗin da ake magana a nan. A karanta takardar da ke manne a jikinsa. Mai kyau zai nuna yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, abin da ke taimakawa ranar da aka kawo wuta marar ƙarfi, kuma a layin bolt 12 zai nuna wajen amfiya 45. Idan an rubuta 550 amma layin bolt 12 bai wuce amfiya 20 da 'yan kai ba, ƙarya ce aka buga a kwali. Tambarin 80 Plus yana nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kayan, saura ta zama zafi. Alama ce mai kyau, amma shi ma tambarin ana buga na jabu.

Tsofaffin kwamfutocin da suka fito daga Amurka kuma wasunsu na da wani ɗan jan maɓalli a bayan fawa-fak, gefe guda 115, ɗaya gefen 230. Wutar Najeriya bolt 230 ce. In aka jona shi yana kan 115, ƙara ɗaya za a ji sai warin ƙuna. Daƙiƙa biyu ake dubawa.

UPS na da amfani, amma a san iyakarsa. Wanda aka rubuta wa 650VA ainihin ƙarfinsa bai kai wat 400 ba, kuma aikinsa ya ba mutum 'yan mintunan da zai kashe kwamfuta cikin mutunci, ko ya riƙe ta kafin a tada inji. Fawa-fak na zamani ya fi jituwa da inbata mai tsabtatacciyar wuta, wadda masu sola ke kira fiyo-sain. Ƙaramin janareton nan na Tiger wutarsa hawa da sauka take yi, bai kamata a jona masa kwamfuta kai tsaye babu sitabilaiza ba. Gidaje da yawa kuma ba su da wayar ƙasa. In akwatin kwamfuta na ɗan jan hannu idan an taɓa shi, a kira mai gyaran wuta ya kafa ƙarfen at. Da damina in hadari ya haɗo, a zare filogi gaba ɗaya.

Hanyoyi uku

Hanya mafi araha ita ce tsohuwar kwamfutar ofis. Kamfanoni a Turai da Amurka sukan sauya Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre bayan 'yan shekaru, a loda su a kwantena su sauka Legas, daga can su hauro Kano. Mutum ya sayi guda, ya ƙara RAM, ya sa SSD, ya soka mata katin da ba ya buƙatar ƙarin wayar wuta, irin GTX 1650 ko RTX 3050 mai gig 6. Za ta buga FC da GTA V lafiya lau, wutar da za ta ja kuma ba ta kai ta cikakken haɗi ba. Aibinta shi ne ba ta da gaba. Fawa-fak ɗinta ƙarami ne, sau da yawa wat 200 zuwa 260, filoginsa kuma na kamfanin ne shi kaɗai, ba a musanya shi da na kasuwa cikin sauƙi. Siririn akwati ba ya ɗaukar kati sai gajere, don haka a auna kafin a biya. RX 6400 na shiga irin wannan akwati, amma mai tace bidiyo ya kauce masa, domin ba shi da sashen da ke matse bidiyo.

Babban tarkon wannan hanya sitika ce. Ɗan kasuwa zai nuna tambarin Core i7 a gaban akwati, mai saye ya ji ya tsinci dami a kala. Lambar da ke bayan sunan ita ce magana. Core i7-4770 na ƙarni na huɗu ne, ya fito a 2013 da ƙwaƙwalwa huɗu. Core i5-8500 na ƙarni na takwas ne, 2018, ƙwaƙwalwa shida. Core i3-12100F na 2022, duk da sunansa i3, ya yi wa wancan i7 ɗin fintinkau. Ga kuma Windows 10 da Microsoft ya daina kula da ita ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar Intel da ke ƙasa da ƙarni na takwas, ko Ryzen da ke ƙasa da jerin 2000. Duk kwamfutar ofis da ba ta kai nan ba, komai arharta, an kusa rufe mata ƙofa.

Hanya ta biyu ta masu haƙuri ce, kuma ita ta fi dacewa da wanda kuɗinsa ke zuwa kaɗan-kaɗan. Ryzen 5 5600G furosesa ce mai ɗauke da nata girafik a ciki, wat 65 take ja. Da ita da madabod da RAM da SSD da fawa-fak mai kyau, kwamfuta ta tashi babu kati. Za ta ja GTA V da eFootball da tsofaffin PES in an sassauta saiti, ta yi duk aikin makaranta, batir kuma ya daɗe. Sabon FC ya fi ƙarfinta, domin ba ta kai GTX 1050 Ti ba. Ranar da kuɗi suka samu sai a sayo kati a soka, ba a zubar da komai ba.

Ta uku ita ce cikakken haɗi tun ranar farko: Ryzen 5 5600 ko Core i3-12100F ko i5-12400F, da kati irin RX 6600 ko GTX 1660 Super. A lura da harafin ƙarshe. F a wurin Intel na nufin babu girafik a ciki, G a wurin AMD na nufin akwai, Ryzen 5 5600 da ba ta da G kuwa ba ta nuna hoto sai da kati.

Kowace furosesa da gidanta. Ryzen 3600 da 5600 da 5600G suna zama a soket AM4, a kan madabod A520 ko B450 ko B550, da RAM nau'in DDR4. Tsohon B450 wani lokaci sai an sabunta masa BIOS kafin ya gane jerin 5000, don haka a sa mai sayarwa ya tada su tare a gaban ido. Intel na ƙarni na 12 soket LGA1700 yake so, a kan H610 ko B660, kuma waɗannan bod ɗin wasu na DDR4 ne wasu na DDR5, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Madabod mai tsada ba ya ƙara wa gem gudu. Mai ramin RAM biyu ko huɗu da wurin SSD na M.2 ya wadatar.

RAM gig 16 ne daidai, kuma a saye shi sanda biyu masu gig 8 maimakon guda mai 16, domin biyun na aiki kafaɗa da kafaɗa. A kan 5600G bambancin a fili yake, tunda girafik ɗinta daga RAM ɗin yake ci. Farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025, lokacin da manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi ta wawure abin da masana'antu ke fitarwa, wanda hakan ya ƙara wa DDR4 na hannu daraja. SSD kuwa gig 512 ne mafi ƙaranci, tera 1 ya fi kwanciyar hankali, tunda gem uku na zamani sun isa su cinye na farkon.

A kasuwa

Bebeji Plaza, matattarar 'yan waya a Gusau, nan ne wurin fara tambaya, amma kasuwar waya ce. Katin girafik da madabod ɗin gem galibi sai an yi odarsu daga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja. Mafi yawansu na hannu ne, irin waɗanda 'yan kasuwa ke kira Landan ko daga ina suka fito.

Yawan katunan hannu a duniya na da dalili. Shekaru ana amfani da su wajen haƙar kuɗin kirifto na Ethereum, ɗaruruwa jere a ɗaki suna aiki dare da rana. Ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ya sauya tsari, haƙa da kati ta ƙare, masu su suka juye su kasuwa. Ba kowane katin haƙa ne matacce ba, wasu sun fi na 'yan gem samun kulawa, amma fankokinsu sun gaji, man da ke tsakanin guntun da ƙarfen sanyaya ya bushe. Akwai kuma RX 580 da ake rubuta wa 2048SP, wanda aka yi don kasuwar Sin, ƙarfinsa ya fi kusa da RX 570. Mafi muni su ne na jabu: a ɗauki GTS 450 na 2010, a sauya masa suna a ciki, kwamfuta ta riƙa karanta shi a matsayin GTX 1050 Ti. Babbar alamarsu ita ce ramin VGA, shuɗin nan mai ƙananan huji 15, wanda ba a saba ganinsa a katin gaske na wannan jerin ba.

Maganin duk wannan gwaji ne. Mai kaya zai ce, “Maigida, wannan ai fil yake, ko wata bai yi da sauka ba.” Amsar ita ce, “To Alhaji, a ɗora shi mu gani.” Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana fallasa ainihin guntun da ke ciki, har takan rubuta cewa na jabu ne. FurMark na matsa wa kati lamba. A bar shi minti 15 zuwa 20 ana kallon zafinsa, ana sauraren fanka, ana duba ko ɗigo-ɗigo ko layuka za su fito a allo. CrystalDiskInfo na faɗin awa nawa SSD ya yi yana aiki, H2testw kuma na tona asirin wanda aka rubuta wa tera 1 alhali cikinsa bai kai ba. Furosesar AM4 a juya ta a dubi ƙafafunta a haske, guda ɗaya in ta lanƙwashe ta isa ta hana tashi. A Intel ƙafafun na cikin soket ɗin madabod, can za a leƙa. Wanda ba zai iya zuwa Kano ba ya nemi bidiyon gwajin, lambar jikin katin na fitowa, sannan a yi maganar kwanakin gwaji a rubuce kafin kuɗi su fita. In da ɗan'uwa ko abokin makaranta a can da zai je ya tsaya a kai, ya fi.

Sai hanya. Kayan Kano ta Funtuwa suke biyowa, su ratsa Tsafe da Kwatarkwashi kafin Gusau, na Bungudu kuma su ƙara gaba a titin Sakkwato. Mutumin Tsafe na iya tarar kayansa a bakin titi in ya daidaita da direba, ba sai sun shiga Gusau sun dawo ba. Kowa ya san halin tsaron wannan hanya, motar safe ake ba saƙo. Kada a yarda a aiko kwamfuta a haɗe da kati a jikinta. Nauyinsa, in mota ta faɗa rami, na iya ɓalle ramin da yake zaune a ciki. A cire shi, a naɗe shi daban cikin ledarsa da soso.

Zafi da ƙura

Daga Maris zuwa Mayu zafin Gusau kan haura digiri 40, kuma fanka ba ta iya sanyaya kaya ƙasa da iskar ɗakin da take zuƙa. Ryzen 5 5600 in ta kai digiri 90 takan rage gudu don ta ceci kanta, sai gem ya fara sarƙewa ana tsakiyar wasa. Akwatin da aka rufe gabansa da gilashi yana da kyau a hoto, a nan kuwa tanda ne. A nemi mai raga a gaba, fanka biyu na shigo da iska, ɗaya na fitarwa ta baya. Fankar da ke zuwa cikin kwalin furosesa na iya aiki, amma ƙaramar hasumiyar sanyaya mai bututun tagulla ta fi ta a bazara, kuma ba ta da tsada. Sanyaya da ruwa almubazzaranci ne a kan furosesar wat 65. Fitilun kala-kala kuwa ba su taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba.

Hunturu na zuwa da matsala biyu. Ƙura na toshe raga da haƙarƙarin ƙarfen sanyaya cikin 'yan makonni, don haka kada a ajiye akwati a ƙasa, a rufe shi da zane in an kashe, a riƙa fitar da shi waje ana hure shi da bulowa, ana riƙe fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima. Ta biyu ita ce wutar jiki, wadda kan ɗan tsikari mutum in ya taɓa ƙofar mota a busasshen yanayi. Ita ma tana kashe RAM da madabod. Mai haɗi ya taɓa ƙarfen akwati kafin ya ɗauki kowane kaya, ya yi aikin a kan tebur ko kwalin madabod, ba a kan darduma ko katifa ba.

Monita ba ta buƙatar dogon bayani. Inci 22 ko 24 mai 1080p ta hannu ta isa, talabijin ɗin gida ma na iya riƙe wuri in yana da HDMI, sai a kunna masa saitin gem don rage jinkiri tsakanin yatsa da allo.

Masu tara kuɗi ta adashi sukan so su riƙa sayen kaya ɗaya-ɗaya, don tsoron kada dala ta sake tashi. Akwati da monita da kibod da fawa-fak sabo a kwali ana iya saye a ajiye. Madabod da furosesa da RAM da kati kuwa tare ake sayensu, domin ba a gane lafiyar ɗaya sai da sauran, kuma kwanakin gwajin da ɗan kasuwa ke bayarwa ba su da yawa. Wanda ya ajiye madabod wata uku a ƙarƙashin gado, ranar da ya gano matacce ne ba shi da bakin magana.

Ranar tadawa ta farko, in fankoki sun juya amma allo ya ƙi kawo hoto, kada a yi saurin kiran Kano da faɗa. Yawanci ɗaya ne cikin uku: an soka wayar HDMI a madabod maimakon a kati, ko RAM bai shiga har ya yi ƙas ba, ko an manta wayar wuta mai huji takwas da ke can saman madabod kusa da furosesa. In hoto ya fito, a shiga BIOS a kunna XMP, wanda wasu bod ɗin AMD ke kira DOCP ko A-XMP, in ba haka ba RAM ɗin da aka biya kuɗin 3200 zai zauna yana aiki a 2133 ko 2400.